Hular da Na Sa Zuwa Dar Salam

Na sauka Khartoum da takardar shiga jami'a, da jaka ɗaya, da kuma baki mai yawa. A Funtua 'yan majalisarmu sun san ni da sharhin labaran duniya kamar da ni aka ƙulla su. Karatun aikin jarida na zo yi, amma a raina na riga na ƙware, shaidar kawai na zo karɓa.

Garin bai tsaya sauraron wannan ba. Mutumin da aka haɗa ni da shi ta waya, wanda ya ce ya kama mini ɗaki kusa da jami'a, ya kai ni wani gida a Bahri, can bayan masana'antu, ya ce daga nan zuwa makaranta taku biyu ne. Takun nan biyu kuwa sai ka hau mota biyu, ka tsallake gada, ka ƙarasa da ƙafa cikin ranar da ke soya ƙeya. Washegari lambarsa ta daina shiga. Larabcin da na kwaso daga Islamiyya ma bai cece ni ba. Ranar farko da na yi wa mai raksha, wato Keke Napep ɗinsu, bayanin inda za ni, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni a wane masallaci nake huɗuba.

Wata huɗu na yi ina cin ful, waken nan nasu da ake dama shi da mai. Safe ful, rana ful, idan an so a kyauta maka a yanka albasa a kai. Ba na ɓoyewa, na yi kewar gida har na rame. Akwai ranar da na kira mahaifiyata, na ji ƙarar taɓarya a bayanta, na kasa magana. Sai na ce mata layin ne ba shi da kyau.

Wata Juma'a da la'asar na shiga kasuwar Omdurman neman takalmi mai araha. Ina cikin kutsawa sai ƙamshin ƙuli-ƙuli a kan wuta ya tare ni. Na bi shi kamar akuya ta ga dusa, har na iske wani dattijo cikin farar jallabiya yana juya nama a gefen garwashi. A allon da ke kansa an rubuta agashe. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi ba, "Kai, wannan ai tsire ne."

Dattijon bai ko ɗago ba ya ce, "Tsire ne mana, ɗan gida. Daga wane gari?"

Shi ne Baba Abakar. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, wadda ko kakata ta fara mantawa, ga Larabci yana faɗowa a tsakiya kamar gyaɗa cikin fate. Bai taɓa ganin Najeriya ba. Kakansa ne ya baro ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya cirar auduga don ya tara na gaba, har ajali ya same shi a can. A can aka haifi mahaifinsa, a can aka haife shi. Ya ce mini, "Ni ɗan Sudan ne, ya waladi, ɗana. Ba ni da wata ƙasa. Harshen ne kawai tsoho ya bar mana, tun da ba shi da gona." Ranar ya hana ni biya, ya kuma ƙara mini yaji a takarda in tafi da shi.

Daga nan na zama ɗan gida. Gidansa yana Dar Salam, can ƙarshen Omdurman inda kwalta ke ƙarewa, gidajen jar ƙasa jere ba itace ko ɗaya. Kusan duk Juma'a ina can. Matarsa tana tuƙa mini tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, tana cewa in ci in mayar da kumatuna. 'Yar autarsu Ihsan tana sakandare. Ita idan ka yi mata Hausa, da Larabci take amsawa, sai dai in tsokana ta motsa. Ta sa mini suna Mai Huɗuba bayan na yi kuskuren ba su labarin mai raksha. Yarinya ce mai kai. Littattafanta a kwalin sabulu suke, ta jera su a ƙarƙashin gado saboda ƙura, kuma tun a lokacin kowa a layin ya san karatun haɗa magunguna take so. Baba Abakar kan ce duk tsinken naman da ya gasa, rabinsa na makarantar Ihsan ne.

A shekarata ta uku jami'a ta tura mu koyon aiki. Ni aka kai ni wata jarida da ke fita a intanet, hawa na biyu a wani tsohon bene a tsakiyar Khartoum. Editan sunansa Ustaz Taj, mutum mai fara'a da sigari. An haɗa ni da wani ɗan rahoto, Mutaz, saurayi mai 'ya'ya biyu da babur ɗin da ba ya tashi sai an tura. Aikina shi ne in saurari hira in rubuta ta, in kuma sauka in kira mai shayi.

A lokacin gari ya canza hannu. Kwamitocin unguwanni, masu rabon burodi da gas da buga hatimi a takardun shaida, da yawansu sun koma hannun matasan wata ƙungiyar siyasa da ba zan ambaci sunanta ba. Wa'azinsu kullum shi ne 'yan Sudan duk ɗaya suke, babu baƙi babu ja, babu ɗan kogi babu ɗan yamma. Jaridarmu ba ta ƙaunarsu ko kaɗan. Akwai wata jarida a tsallaken kogi, ita kuma ko tari suka yi sai ta ce waƙa ce. Ni a lokacin ban damu da wa ke ciyar da wa ba. Abin da nake so shi ne in ga sunana a ƙasan labari.

Shekarar ce Ihsan za ta zauna jarrabawar gama sakandare, wadda ba a shiga jami'a sai da ita. Ba a yi wa ɗalibi rajista sai da lambar ɗan ƙasa. Da suka je ofishin da ke bayar da lambar, aka duba sunan kakanta, aka duba fuskar Baba, aka ce su kawo ƙarin shaida: takarda daga kwamitin unguwa, mai hatimi, cewa an san su kuma 'yan nan ne. Baba ya je kwamitin sau uku ana ce masa gobe. A na huɗu wani daga cikinsu, yaron da Baba ya ce ya san ranar sunansa, ya ɗaga murya a gaban layi ya ce, "Ku Fallata ku fara kawo takardar ƙasarku ta asali tukuna." Fallata shi ne sunan da ake kiran duk wanda kakanninsa suka fito daga wajenmu, kuma ya danganta da bakin da ya faɗe shi.

A bakin wutar agashe ya ba ni labarin, yana dariya. Ni ban yi dariya ba, jinina ne ya hau. Na tambaye shi me zai yi. Ya ce abin mai sauƙi ne, limamin masallacinsu kawun shugaban kwamitin ne, zai same shi bayan sallar Juma'a su yi magana a hankali, a ja wa yaron kunne, a buga hatimi. Saura mako biyar a rufe rajista, akwai lokaci.

Nan bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Baba, wane irin lallashi kuma? Haƙƙinka ne fa. Wannan labari ne. Idan ya fito a jarida, wallahi da gudu za su kawo maka takardar har gida, su haɗa da ban haƙuri."

Ya ci gaba da juya tsinke. Can ya ce, "Mu ba mu saba da jarida ba, ɗana."

Na ce, "Shi ya sa suke taka ku."

Ya dube ni ya ce, "To. Kai ka yi karatun abin."

Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Da na kai wa Ustaz Taj, sai da ya ajiye sigarinsa. Tambayarsa ta farko ita ce kwamitin na su wa ne. Da na faɗa masa, ya tafa hannu ya ce Mutaz ya ɗauki kyamara gobe. Bai tambayi sunan yarinyar ba, ni kuma ban lura ba sai daga baya.

Washegari na yi abin da duk ɗan mutunci daga gidanmu zai yi. Za ni gidan dattijo da baƙo, kan magana mai nauyi, ba zan je da wandon jins ba. Na ciro kaftanina na Sallah, na kafa hular zanna da mahaifina ya ba ni. Mutaz ya kalle ni ya ce, "Ya zol, mutumina, ɗaurin aure za mu?" Muka yi dariya, na tura masa babur.

A gidan Baba an share tsakar gida an yayyafa ruwa. An fito da gadon igiya, an shimfiɗa masa sabon zane. A al'adarsu, kamar tamu, baƙo ne ke hawa gado, mai gida ya zauna ƙasa. Mutaz yana tsaye da kyamara, don haka ni kaɗai na hau. Baba ya zauna a tabarma dab da ƙafata. Na gaishe shi da Hausa kamar kullum, ya amsa da Hausa, don ba a gaishe ka da harshen gida ka amsa da na kasuwa. Muka yi ta ina gajiya, ina iyali, yaya zafi. Ashe Mutaz ya riga ya kunna.

Bayan haka Baba ya juya ga kyamara ya yi magana da Larabcin Omdurman tsantsa, kusan minti ashirin. Ya nuna tsohon katinsa na ɗan ƙasa, ya nuna takardar mahaifinsa ta gonar auduga da ta yi ja don tsufa. Ya ce yaran kwamitin nan ba mugaye ba ne, su suka gyara famfon layin, kuma tun da suka karɓi rabon burodi ba a taɓa tsallake gidansa ba. Ya ce mutum ɗaya ne ya yi masa magana, kuma shi takardar 'yarsa kawai yake nema kafin a rufe rajista. Da ya zo kan zagin da aka yi masa, sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya ce da Hausa, "Lawal, in faɗi wannan kuwa?"

Na sunkuyo daga kan gado, na kusanto kunnensa, na ce, "Faɗa, Baba."

Ya faɗa.

Abin da ya fito bayan kwana biyu minti biyu ne. Babu famfo, babu burodi, babu katin ɗan ƙasa. Babu Ihsan, babu rajista. An bar gaisuwarmu ta Hausa, an bar inda na sunkuya, an bar zagin. Kanun labarin ya ce masu wa'azin daidaito sun kori tsoho daga ofis saboda ƙabilarsa. Na shiga wurin Ustaz Taj na ce, "Ustaz, ina maganar takardar?"

Ya ce, "Takarda ba labari ba ce, ya Lawal. Kowa a ƙasar nan yana neman takarda."

Na ce to me ya sa aka bar Hausar, alhali mutumin ya yi Larabci ya fi ni. Ya ce ita ce ke taɓa zuciya, mai kallo ya ga tsohon da gaske daban yake. Ya dafa kafaɗata ya nuna mini sunana a ƙasan faifan. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Har na tura wa 'yan Funtua.

Daɗin bai kwana biyu ba. Jaridar tsallaken kogi ta tsayar da faifan daidai inda na sunkuya, ta zagaye hulata da jan layi, ta rubuta a sama: wane ne wannan? Suka ce a duba da kyau. Baƙo ɗan Najeriya, da shigar ƙasarsu, yana zaune a sama, tsoho yana ƙasa, yana raɗa masa abin da zai faɗa da harshen da ba na ƙasa ba. Suka ce jaridarmu ta yi shekaru tana kallon masu mulkin baya suna wulaƙanta mutanen yamma da na kudu ba ta taɓa cewa uffan ba, sai yau da aka samu abin jifan ƙungiyar ta gano akwai wariya a Sudan. Abin da ya fi ƙona ni shi ne wannan ɓangaren gaskiya ne. Na bincika tsofaffin shafukanmu da kaina, ban ga ko layi ɗaya ba.

Jaridarmu ta mayar da martani cewa su ne 'yan kore, masu rufa wa ƙungiya asiri ko da ta yi kisa. Wannan ma da ƙamshin gaskiya. Daga nan abin ya koma talabijin. Mako guda ana tara masu manyan tabarau suna musu a kan wace jarida ce ta fi son kai, wa ke ba wa kuɗi, wa ya fara. Na zauna a shagon mai ful na Bahri ina kallon hulata a allo, mutane suna ci suna nuna ta da cokali. Babu wanda ya ambaci sunan Baba Abakar, tsohon nan na faifai suke ce masa. Babu wanda ya tambaya ko an zage shi ko ba a zage shi ba. Daga cikin masu musun nan kaf, ban ji wanda ya hau mota ya je Dar Salam ba.

Ƙungiyar ta fitar da sanarwa cewa ba ta yarda da wariya ba, kuma ta kafa bincike. Har sai an gama binciken, kwamitin unguwar ya dakatar da duk wata takardar shaida da ke da alamar tambaya. Ka san su wa ke da alamar tambaya. Hausawan layin Baba guda nawa ne takardunsu suka maƙale tare da tasa, kuma ba su ɓoye masa fushinsu ba. Da ya je wurin liman, liman ya ce masa, "Abakar, da ka zo mini tun farko. Yanzu ka kai mu jarida, maganar ta fi ƙarfina."

Saura mako uku. Na koma wurin Ustaz Taj na roƙe shi ya saki cikakken faifan, kowa ya ji Larabcin Baba, ya ga katinsa. Ya ce ba zai yiwu ba. Na ce don me? Ya ce, "Kana so in saki inda yake yabon famfonsu? In ba su wuƙa da hannuna?" Na ce mutumin zai rasa jarrabawar 'yarsa. Ya ce ya tausaya, amma shi jarida yake gudanarwa. Na samu Mutaz a ƙasan bene na ce ya ba ni kwafi a ɓoye. Ya ce katin kyamarar yana aljihun tebur ɗin Ustaz, kuma ko yana hannunsa, yana da 'ya'ya biyu. Ya saya mini shayi da na'ana'a, ya zauna tare da ni har na shanye. Da zan tashi ya ce, "Ka ajiye hular nan a jaka, ya Lawal, har gari ya lafa."

Na tsallaka kogi na je ɗaya jaridar. Wata mata ce ta karɓe ni, mai hankali, ta ba ni ruwan sanyi, ta saurare ni tun daga gadon igiya har zuwa rajista. Har ta girgiza kai da na zo kan Ihsan. Sannan ta ce, "Za ka iya faɗa a gaban kyamara cewa editanku ne ya tsara maka abin da tsohon zai ce?"

Na ce ba haka aka yi ba.

Ta ce, "To me ka kawo mana?"

Na ce gaskiyar abin da ya faru. Ta ce ta yarda da ni, amma idan suka buga cewa zagin ya auku, sun ba Ustaz Taj nasara kenan. Ta raka ni har bakin ƙofa.

Kwana biyu bayan haka ofishin ɗalibai baƙi na jami'a ya kira ni. Wani jami'i ya tuna mini, cikin ladabi, cewa izinin zamana na karatu ne, ba na siyasa ba, kuma sabunta shi yana tafe. Na ce to, na fito. Ni da na zo gyara duniya, ko sunana ban iya karewa ba. Na daina zuwa jaridar, babu kuma wanda ya neme ni.

Kunya ta hana ni zuwa Dar Salam, sai Baba ne ya kira ni. Na same shi a tsakar gida, bai fita kasuwa ba. Ya ce 'yan kwanakin nan masu zuwa ɗaukar hotonsa sun fi masu sayen nama. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sa aka kawo mini tuwo, ya jira na ci, sannan ya ce Ihsan ta kawo takarda da biro.

Ya ce, "Rubuta mini da Larabcinka na littafi. Ka ce ni Abakar, babu wanda ya zage ni. Ka ce tsufa ne, ban ji daidai ba. Ka ce ina ba kwamiti haƙuri."

Na ce, "Baba, ai an zage ka. A gaban mutane."

Ya ce, "Ni aka zaga, na kuma yafe. Jarrabawar ba tawa ba ce."

Ihsan tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ta ce wa mahaifinta da Larabci, "Yaba, kada ka yi. Zan jira baɗi."

Bai kalle ta ba. Ya ce mini, "Rubuta, ɗana. Saura kwana goma sha biyu."

Na rubuta. Hannun da ya kawo kyamara gidan shi ya rubuta cewa dattijon maƙaryaci ne. Da na gama, Ihsan ta karɓa ta karanta, ta ɗauki biron ta gyara mini wurare biyu, ta miƙa wa mahaifinta. Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi.

Jaridarmu ta ƙi bugawa. Ta tsallaken kogi ta buga a shafin farko, da hoton sa hannun, ta ce ga shi asiri ya tonu, an ga masu ƙirƙirar wariya don su ɓata masu neman sauyi. Na ɗauka shi kenan, an ba su abin da suke so, za su buga hatimi. Sai Ustaz Taj ya fito da sabon labari cewa an tsorata tsoho an tilasta masa janyewa, kuma wannan ya fi zagin muni. Ƙungiyar ta ce tun da an kawo sabon zargi, dole bincike ya duba shi ma. Aka koma talabijin.

Kullum da safe Baba yana zuwa ofishin kwamitin ya zauna a kan benci. Na raka shi sau huɗu, ba hula, ina tsayawa nesa kamar ɓarawo. Shugaban kwamitin yakan fito ya gaishe shi da girmamawa, ya ce wallahi ba daga shi ba ne, daga sama ake jira. Na yarda da shi. A duk tafiyar nan ban haɗu da mutum ɗaya da ya ce daga shi ne ba.

Takardar ta fito kwana uku bayan an rufe rajista. Ina gidan aka kawo ta, shugaban da kansa ya kawo, da hatimi shuɗi da sa hannu biyu. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sa aka ba shi shayi. Bayan ya tafi, Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Baɗi, in Allah ya kai mu." Ihsan ta shiga ɗaki, na ji tana jan kwalin littattafanta. Ban san ko fito da shi take yi ko mayarwa ba.

Ta samu lambar ɗan ƙasa bayan wata biyu. Ta sake karanta littattafan nan daga farko, ita kaɗai, ƙawayenta suna jiran sakamako. Da shekara ta zagayo ta yi rajista a makon farko, aka ba ta lambar kujera. Ta nuna mini ita a wani ɗan kati, ta ce, "Mai Huɗuba, wannan karon ko jarida ba ta isa ba." Ranar ce ta fara tsokanata tun bayan abin.

Saura 'yan makonni a zauna, cikin azumi, muka wayi gari da ƙarar bindiga. Ba a yi jarrabawa a Khartoum ba a shekarar. Gadojin da nake tsallakawa suka koma hannun masu harbi, ban ƙara taka Omdurman ba. Mu ɗalibai baƙi aka loda mu a motoci zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a rana kafin a buɗe mana. Daga can na yi ta kiran lambar Baba, ba ta shiga.

Sai bayan wata bakwai saƙo ya shigo mini daga baƙuwar lamba, da Hausa, irin wadda ake rubutawa da haruffan Larabci. Ihsan ce. Ta ce suna raye, suna wata makarantar firamare a gabas da aka mayar wurin kwanan masu gudu. Ta ce Baba yana gaishe ni, ƙafarsa ce kawai ke damunsa. Ta ce ƙawayenta da suka zauna a waccan shekarar da shaidarsu suka gudu, biyu ma sun samu jami'a a waje, ita kuma lambar kujerarta ce a jakarta. A ƙarshe ta tambaya, "Yaya Lawal, kai ka gama naka karatun?"

Na gama. Wata jami'a a gida ta karɓe mu, na ƙarasa, an ba ni shaidar aikin jarida. Na amsa mata gaisuwa, na tambayi ƙafar Baba, na yi musu addu'a. Tambayar ce ban amsa ba har yau.